Shanu Sun Kwana a Marainiya

Aikin da na fi daɗewa ina yi a duniya shi ne hana wata 'yar gona cin abinci. In na faɗi haka a majalisa sai a yi dariya, a ce tsufa ya fara taɓa ni. To wallahi gaskiya ce, kuma gwamnati ce ta ɗauke ni wannan aiki.

Ni mutumin Illela ne. Da na gama lakwal, wato makarantar noma, anka turo ni wata ƙaramar tashar binciken noma da ke bakin hanya tsakanin Konni da Malbaza, lokacin ko furfura ɗaya babu a kaina. Tashar ba wani abin kallo ba ce: buro, wato ofis, mai ɗaki biyu, ɗakin ajiyar iri, ɗakin da nake kwana, famfo, sai fili da anka kewaye da waya. Da farko muna da yawa, har mukan yi gardama kan wanda zai dafa shayi. Sannu a hankali wannan ya yi ritaya, wancan ya samu aiki a wani furoje, irin shirin nan na 'yan agaji mai motoci masu sanyi, wani ya tafi ƙaro karatu waje bai dawo ba. Ba a turo kowa a madadinsu ba. Daga ƙarshe sai ni da tsohon gardi, mutumin ƙauyen da ke bayan tashar. Matata ta yi ƙoƙarin zama da ni, amma da yara sunka girma karatunsu ya yi nisa, ta koma Tawa da su. Nakan je ƙarshen wata in an samu mota. Sauran kwanakin ni da rediyona ne, shi kuma ba ya amsa magana.

Abin da ya riƙe ni a can wani gwaji ne da na tarar an fara tun kafin zuwana. An raba filin ziri-ziri, kowane ziri ana shuka mashi hatsi iri ɗaya, rana ɗaya, kowace damana. Wani ana zuba mashi takin shanu, wani takin zamani, wani duka biyun, wani kuma a bar mashi karansa ya ruɓe a ciki. Akwai ziri guda da ba a ba shi komai. Ko karan da ya fitar da kansa, bayan girbi sai mu kwashe shi tas, mu share. Shi muke kira shaida, don da shi ake auna sauran. In ba ka san abin da ƙasa ke bayarwa idan ba a ba ta komai ba, yaya za ka ce taki ya ƙara kaza? Kuma abin ba na shekara ɗaya ko biyu ba ne. Darajarsa duka tana cikin daɗewar da ya yi ba a taɓa katse shi ba, har ka ga yadda gonar talakan da ba ya da saniya take gajiya a hankali, da inda gajiyar ke tsayawa, in tana tsayawa. Da can irin wannan ziri biyu ne, amma wata shekara ruwa ya yi ɓarna, kwazazzabo ya cinye ɗayan. Guda ya rage mana, kuma ban san wani mai shekarunsa a duk yankin ba.

Leburorin da muke ɗauka aikin damana ba su taɓa cewa shaida ba. Marainiya suke ce mata, ni ma har bakina ya saba. Kuma sunan ya dace da ita. Hatsinta gajere ne, ɗorawa-ɗorawa, da ƙyar yake kai ƙugu, zangarniyar kamar ɗan yatsa, ga ƙuduji ya yi fure ko'ina. Abin haushi, ita ce a bakin hanya. Duk wanda ya wuce a amalanke ko babur ita yake fara gani. Mushe kowa ke ce mani, wato malam da Faransanci. 'Yan kabu-kabu kan rage gudu su ɗaga murya, "Mushe, a kawo maka sadakar taki?" Ni kuma in ce su wuce su ba ni wuri, ba su san komai ba sai danna hon.

Ina son gonar nan, ba zan ɓoye ba. In akuya ta kutsa ta ƙarƙashin waya ta yi kashi a ciki, da hannuna nake tsincewa. Ko fitsari na hana a tsuguna a yi kusa da ita, har leburori na cewa Mushe ya fi kishin marainiya da iyalinsa.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yi mani dariya a kanta ba, shi ne Maigari. Shi abin ciwo yake mashi. Ubansa ne ya ba gwamnati filin, kuma daidai wurin marainiya ya koyi riƙe hauya yana yaro. Duk sanda ya zo gaisuwa sai ya tsaya bakin waya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mushe, ƙasa ma tana da hakki." In zauna in yi mashi bayani tiryan-tiryan, ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah shi kyauta, ya tafi. Damana mai zuwa mu sake.

Ana nan sai ga labari daga Yamai, wai za a yi wa binciken noma na ƙasa gaba ɗaya duba na tsanaki, tun daga babban buro har 'yan tashoshi irin tawa, a ga abin da ke aiki da abin da ya mutu a tsaye, sannan a yi gyara. Kowa ya san abin da gyara ke nufi ga tasha mai ma'aikaci ɗaya. Bayan girbi anka kira mu taro, anka ce kuma in damana ta kama kwamiti zai zagaya ya ga kowace tasha da ido. Kafin in tafi na je na shaida wa Maigari, don ya kamata ya sani. Matan garin daga famfonmu suke ɗiban ruwa, samarinsu a filinmu suke samun aikin damana, irin wake ma daga wurinmu suke karɓa. Na ce mashi baƙi za su zo dubawa, kuma mai yiwuwa ne a rufe tashar. Ya ce in sauka lafiya.

Taron Yamai ya ja. Babban ɗaki mai sanyi, ruwan gora, kowa da takarda rataye a wuya. Na je da niyyar jin shirme, amma gaskiya aka faɗa, mai ɗaci kuwa. Masu bincike sun tsufa, matasa ba sa shigowa. Akwai ɗakunan awo cike da na'urori da ba a taɓa kunnawa ba saboda babu wuta ko babu maganin da ake zuba masu. Kowane furoje yana zuwa da tambayarsa, in ya ƙare ya naɗe kayansa ya tafi da motocinsa. Tashoshi sun yi yawa, man zuwa duba su babu. Wani saurayi mai taye ya tashi ya ce mun daɗe muna bincike ba mu tambayar manoma abin da suke so, dole a ba su baki a cikin aikin. Na gyaɗa kai, don bai yi ƙarya ba.

Da layi ya zo kaina anka ba ni ɗan lokaci kaɗan. Na yi maganar marainiya. Rabin ɗakin suna latsa waya, wasu sun fita shan kofi. Amma da anka tashi, wata dattijuwa mai tabarau ta tare ni a bakin ƙofa. Ashe masaniyar ƙasa ce, kuma tana cikin kwamitin da zai zagaya. Ta ce tun tana ɗaliba take jin labarin gwajinmu, ta ɗauka ya daɗe da mutuwa.

"Yana nan, Madam," na ce. "Ko damana ɗaya ba a tsallake ba."

"To ka riƙe shi da kyau, Mushe. Gini ana sakewa, na'ura ana saye, amma shekarun nan ba mai sayar mana da su. Zan zo in gani da idona."

Kai! Na yi shekaru ban ji daɗi irin na ranar ba. Mutum ɗaya a duniya ya ji maganar marainiya bai yi dariya ba, bai kuma ji tausayina ba. Na biya ta Tawa na yi kwanaki da iyali, ina ta ba matata labarin Madam har ta gaji ta ce in ci tuwona. A tashar motar Konni na sayo wa gardi goro mai kyau.

Wari na fara ji da na sauka a bakin hanya. Warin garke, wanda duk ɗan ƙauye ya sani. Na ɗauka makiyaya ne sunka yada zango nan kusa. Sai da na zo jikin waya na gani. Marainiya daga wannan kai zuwa wancan ta yi baƙi da kashin shanu. Ga ramukan turaku a jere, ga tokar murhun makiyayi, ga ƙasa kofato ya tattake ta ta zama gari. Shanun sun riga sun tashi. Sauran zirin kuwa tsaf, ko sawu ɗaya babu a kansu.

Gardi ya fito yana murmushi, ya karɓi jakata. "Mushe, sannu da hanya. Ka ga aiki?"

"Baba, wa ya buɗe ƙofar nan?"

"Ni, da umurnin Maigari. Kuma kada ka damu, tsaye nake kansu safe da marece. Igiya munka ja, ko saniya ɗaya ban bari ta taka sauran ba, don kada a ɓata maka gwaji."

Don kada a ɓata mani gwaji! Na yi ihu har tsuntsaye sunka tashi daga kan waya. Ban tuna duk abin da na faɗa ba. Na dai tuna tsohon yana tsaye da jakata a hannu, murmushin ya tafi, yana kallona kamar wanda ya ga mahaukaci. Ko ruwa ban sha ba na nufi cikin gari.

Na tarar da Maigari a zaure da dattawa. Na gaishe shi a tsaye, ya ce in zauna, na zauna don dole.

"Ranka shi daɗe, me anka yi mani haka?"

"Kai ka ce baƙi za su zo dubawa," ya ce a hankali. "In baƙo zai zo gidanka, ba ka share ƙofar gida? Wagga gona ita ce a bakin hanya, ita za su fara gani. Su ga wannan su ce nan ake koya wa mutane noma? Sai munka zauna da dattawa. Akwai Bafulatanin da ke sauka gonakinmu kowace kaka, munka roƙe shi ya bar namu bana ya zauna a taka. Kowane gida ya fid da damin hatsi anka ba shi, har tsohuwar nan ta ƙarshen gari da mijinta ya rasu ta aiko da nata. Ba mu gaya maka ba don mun san halinka, da ka hana."

Kakar shekarar ba ta yi kyau ba, na sani, don na ga rumbunansu. Mutanen nan sun ɗebi abincin 'ya'yansu, sun kuma hana gonakinsu takin shekara, sun kawo mani. Duk zafin da na shigo da shi ya rasa inda zai sauka. Da ƙyar na ce, "Ranka shi daɗe, yunwarta ita ce aikin. Ita za su zo gani."

"Mushe, shekara nawa kana faɗa mani haka? Mun ji. An ga yunwar, ta isa. Wa ke buƙatar a nuna mashi yunwa a garin nan?"

Na miƙe. Na yi sallama na fito.

Washegari na ɗauki manjagara da baro na fara kwashewa, ni kaɗai. Na san aikin banza nake yi. Kashin da ke sama ana kwashewa, fitsarin da ƙasa ta shanye fa? Wanda kofato ya niƙa ya cuɗa da yashi fa? Amma zama ya gagare ni. Mata masu zuwa famfo sukan ajiye bokiti su tsaya kallona ina tura kyautarsu a baro ina zubarwa bayan waya. Labari ya kai gari. Gaisuwa ta gajarce, daga lafiya lau sai a wuce. Gardi ya daina zuwa shan shayi, yana zaune bakin ƙofa ina zaune bakin buro, muna hangen juna. Na kira matata, ta saurara, ta ce, "To ba taki ba ne kawai? Ai alheri sunka yi maka, ka yi haƙuri." Na kira shugabana a Tawa, ya ce in rufe bakina tukuna har kwamiti ya wuce. Na ce mashi ni ban iya wannan ba, ya kashe waya. A duk tsawon ranin nan ban samu mutum ɗaya da zan gaya wa abin da ya mutu ya gane cewa mutuwa ce ba. Kaɗaici na sani tun da daɗewa, amma wannan daban ne, don mutane na kewaye da ni kuma duk masoyana ne.

Ruwa ya sauka, munka yi shuka kamar kullum. Kowace safiya nakan je in duba, ina fatan ko ƙasar ta gaji har ba za ta iya amsawa ba. Ina! Ƙasar da ta yi shekaru ba ta ga komai ba, sai ta karɓa hannu biyu. Hatsi ya fito baƙi-ƙirin don kore, ya yi 'ya'ya, ya haɗe. Kafin ya fid da kai ya wuce tsawona, ya bar zirin takin zamani a baya. 'Yan kabu-kabu sunka daina tsokana, sai ɗaga hannu da "Mushe, bana kam sai godiya!" Ni ɗan manomi, jikan manomi, na tsaya gaban hatsi mai kyau ina jin haushinsa. Allah shi gafarta mani.

Kwamitin ya iso da hantsi, motoci a jere. Maigari da dattawa sun sha manyan riguna, mata sun kawo fura da ruwan sanyi. Shugabana na Tawa yana gaba yana nuna hanya. Mazan kwamitin suna sauka sunka nufi marainiya, tunda ita ce kusa, sunka jeru a gabanta ana ɗaukar hoto, wani yana shafa zangarniya yana cewa ashe akwai aiki a nan. Madam ta fito daga motar baya, ta gaisa da dattawa, ta zo wurina kai tsaye.

"Mushe, na cika alkawari. Ina shaidar?"

"Ga ta nan, Madam. Kina tsaye a bakinta."

Ta kalli hatsin, ta kalle ni. Ta tsuguna, ta ɗebi ƙasa a tafin hannu, ta murza, ta kai hanci.

"Shanu?"

"Shanu."

Na gaya mata komai, shugabana yana tsaye yana hararata. Ta tambaya ko akwai kusurwar da ta tsira, ko da faɗin tabarma ce. Na ce babu, gardi mutum ne mai aiki da tsari, sun riƙa matsar da turaku har ko'ina ya samu. Ta kakkaɓe hannunta a hankali. Can gefe ana ta dariya da hoto.

"Na gaya masu a Yamai," ta ce, "ko za a rufe komai a yankin nan, kada a taɓa wannan." Sai ta juyo ta ce, "Sannu, Mushe. Allah shi ba ka haƙuri." Yadda ake faɗa a gidan rasuwa haka ta faɗe shi. Na sunkuyar da kai, don idona ya cika kuma ban so dattawa su gani ba.

Maigari ya matso yana dogara sanda. "Hajiya, kin ga albarka?"

"Na gani, Baba. Allah shi saka maku da alheri."

Kafin la'asar sun wuce Malbaza. Na bi motarta da ido har ta ɓace, ban sake ganinta ba.

Sakamakon ya fito bayan watanni. An haɗe tashoshi da dama, an tattara masu bincike a manyan cibiyoyi, an ce kowace jiha a kafa zaman da manoma za su riƙa faɗin abin da suke so a bincika. Yawancin gyaran daidai ne, ni ma da an tambaye ni haka zan ce. Gwajinmu an soke shi, tunda babu sauran abin da za a auna da shi. Amma tashar ba a rufe ba. Mutanen kwamitin sun yaba da ƙasar da ruwan da yadda gari ya riƙe wurin, sai anka mai da ita gonar yaɗa iri. Tarakta za ta zo ta nome filin gaba ɗaya ya zama gona guda. Famfo yana nan, aikin samari ma zai ƙaru. Ni kuma anka ce in zauna in kula da wurin har ritayata.

Bayan girbi Maigari ya zo da dattawa yi mani barka, da zabi biyu a hannun gardi. Anka shimfiɗa tabarma bakin buro, anka yi addu'a. Fuskokinsu cike da murna, duk wani fushi ya wuce, sun yafe mani baro da manjagara.

"Mushe," in ji Maigari yana dariya, "da mun biye maka, da yanzu an rufe."

Na ce mai yiwuwa haka ne, ranka shi daɗe. Kuma har yau ban iya rantsewa cewa ba haka ba ne.

"To Bafulatanin ya dawo, yana bayan gari da garkensa. Bana wane wuri za a sa shi?"

Na ɗaga kai na kalli filin. Zirin suna nan a jere yadda na same su ina saurayi, kowanne da karansa, na san tarihin kowanne fiye da yadda na san tasowar 'ya'yana.

"Ko'ina," na ce. "Duk ɗaya ne yanzu."

Sunka yi hamdala, sunka ce Mushe ya sauko. Da marece shanun sunka iso. Ni da kaina na buɗe masu ƙofa, na koma gefe na tsaya har sunka gama shiga. Ana ta yi mani sannu da ƙoƙari, babu wanda ya lura ban amsa ba.